Kada Ki Tafi da Kayen Malam

Uwani,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina roƙon Allah Ya kai ki Yamai lafiya, Ya tsare ki a mota da masauki, Ya haɗa ki da mutanen kirki a wurin karatunki. Allah Ya jiƙan mahaifinki, Ya haskaka kabarinsa.

Za ki yi mamakin wasiƙa daga wadda kuke gida ɗaya. Ke ce ta fari, kin san ban taɓa iya zama in dube ki in yi doguwar magana ba. Ko sunanki na yanka ban taɓa faɗa ba. Rubutun kuma na wadda ta bar lakol a aji biyar ne, ki yi haƙuri da shi.

Jiya da nake sa miki ƙuli-ƙuli da yaji a akwati, hannuna ya taɓa kayen Malam mahaifinki, littafin nan nasa mai baƙin bango, a ƙarƙashin zannuwanki. Na gane za ki tafi da shi. Na kuma ji abin da kika gaya wa Malam Idi na Tsibiri ranar Talata a bakin shago, cewa kada ya damu, za ki riƙa lura da ordinatar, kwamfutar nan ta ƙungiya, daga can ta wayar salula, lambar sirrin ma ba sai kin ba kowa ba. Ban cire kayen ba. Na taɓa ɗaukarsa sau ɗaya ba da sanin kowa ba, ba zan ƙara ba. Na ɗora wannan takarda a kansa ne don ki karanta kafin ki rufe akwatin.

Kina da shekara shida lokacin da na haifi ƙanenki Sale. Jini ya ɓalle mini, likita ya ce sai an ƙara mini, na dangi kuma bai dace ba. Mahaifinki ya rufe shagon gyaran rediyonsa ya bi Sabon Gari yana tare mutane. Wani ɗan kabu-kabu ne ya bi shi ya bayar, ya tafi ko sunansa ba mu samu ba. Daga nan Malam ya fara rubuta sunayen waɗanda suka yarda su ba da jini don Allah, da irin jinin kowa, da unguwarsa, da lambar wayarsa. Da sunayen suka yi yawa har abin ya zama ƙungiya, wani ya ba su tsohuwar ordinatar, ya gyara ta ya ajiye a shago. In an kira ana neman jini, sai a duba a ciki, ita kuma ta aika saƙo ga waɗanda ke kusa. Malam Idi ya riƙe mutanen Tsibiri, Hajara mai kawo mana zogale ta riƙe na Jiratawa. Ba wanda ake biya.

Kin ga ke nan saboda ni aka fara abin. Jinin baƙo ne ya tashe ni. Duk da haka shekara da shekaru ina jin haushin na'urar nan, kuma sai yanzu nake iya kiran abin da sunansa. Kishi ne.

Bari in fara da kuskurena na farko, ranar da ya kira ni. Ina tankaɗe a tsakar gida ya leƙo ya ce, "Uwar Sale, zo in nuna miki wani abu." Na wanke hannu na je. Ina ɗaga labulen shago na tarar da ke a kan kujerarsa, kin sa matashi don ki kai tebur, yana riƙe da yatsanki yana nuna miki inda za ki taɓa. Kun riga kun yi nisa. Kuna dariyar wani abu da ban san kansa ba. Na ce, "Ai kun samu mai ilimi, ni mi zan gane a nan?" Ya ce, "Zo dai ki zauna, ba wuya." Na ce tuwona zai ƙone. Ban ma ɗora tukunya ba. Ya ƙara kirana wata rana, na kawo wani dalili. Bai sake ba, domin shi mutum ne da ba ya son takura wa kowa. Ni kuwa na so ya sake. Na yi shekaru ina jiran ya kira ni na uku.

Don haka, ɗiyata, in kika kira mutum ki koya masa ya ce shi ba zai iya ba, kada ki ɗauka ya gama magana. Wani tsoron kunyata yake ji, wani kuma ya ga an riga shi ne. Ki sake kira. Ki kira shi lokacin da ba kowa a wurin, ki bar shi ya yi kuskure ba mai kallo. Kin ce Malam Idi yana da nauyin hannu, yakan daɗe yana neman harafi ɗaya. Gaskiya ne. Amma shekara nawa yana baro gonarsa da ɗinkinsa yana zuwa daga Tsibiri, ruwa ko rana? Saurin hannu ana koyonsa. Irin wannan zuwan ba a koya wa mutum.

Kuskurena na biyu kin san rabinsa. Kin tuna bazarar da na'urar ta mutu? Fanka ɗaya gare mu a lokacin, kuma tun da zafi ya shigo Malam ya kai ta shago ya juya ta wajen ordinatar, wai ba ta jure zafi. Ni ina ɗaki da zazzaɓi, ina fifita da murfin kwano. Ya tafi Jiratawa da safe wajen rubuta sababbin mutane. Na tashi na shiga shago na tsaya ina kallon iska na kaɗa labule a kan ƙarfe, ni gumi na bin wuyana. Na cire fankar na kai ɗakina. Ba don zazzaɓin kaɗai ba ne. Na so ya dawo ya gan ta a wurina ya gane. Barci ya ɗauke ni har la'asar, ƙofar shago a rufe, rana a kan kwano.

Da ya dawo na'urar ta yi shiru. Ya buɗe cikinta, ya yi abin da zai iya, ta ƙi. Sunayen da aka tara tun bayan damina duk suka tafi. Ya shigo ɗaki ya ga fankar tana juyawa a kaina. Ya tsaya kaɗan, ya ce, "Ya jikin?" Shi ke nan abin da ya faɗa. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Mako uku shi da Malam Idi suna bin gidaje a kan babur suna sake tambayar mutane irin jininsu. Ku an gaya muku zafi ne ya kashe ta. Zafin ne, amma ni na buɗe masa hanya.

Tun daga nan ya kafa aikin Juma'a. In ya dawo masallaci, kafin ya ci abinci, sai ya kwafe sunayen a kile biyu, ƴan ma'ajiyar nan da ake soka wa na'ura, ɗaya Malam Idi ya tafi da shi Tsibiri, ɗaya a kai wa Hajara. Ya duba ruwan batir, ya hau ya goge farantin sola, ya kira mutum biyar ko shida ya ji ko lambarsu na nan. Ni ina ganin abincinsa yana hucewa ina ƙara jin haushi. Yanzu na gane wannan ɗan aikin mai gundura shi ne ya riƙe abin duk shekarun nan, ba gwanintar Malam ba. Ki faɗa mini, daga Yamai wa zai hau rufin shago ya goge sola? Salula ba ta zuba ruwa a batir.

Akwai kuma abin da zan gaya miki a kan fankar, wanda ba laifina ba ne ni kaɗai. Mahaifinki mutumin kirki ne, amma ya bar matarsa da zazzaɓi ya ba ƙarfe iska. Wata rana za ki yi naki gidan. In aikin taimako ya fara cin rabon mutanen gidanki, za su tsane shi ko da sun san alheri ne. Ki raba aikin da wasu don ki samu lokacin cin abinci da zafinsa tare da naki. In kuma ke ce aka bari da murfin kwano, ki buɗe baki ki faɗa. Da na ce masa, "Malam, ina jin zafi, kawo fankar," da ya kawo, ya kashe na'urar har yamma, ba abin da zai lalace.

Na uku shi ne dalilin wasiƙar nan. Na fara rubuta shi sau biyu ina yagawa.

Da Malam ya rasu, mutane suka cika gidan nan daga Tsibiri da Jiratawa da unguwannin da ban taɓa takawa ba. Kowa da labarinsa. Wata ta ce shi ya tsaya har aka ƙara wa ɗanta jini. Wani ya ce ya taɓa raka shi gida a ƙafa bayan ya bayar, yana ba shi labari har ya manta da jiri. Suna ta cewa, "Malam namu ne." Ina zaune a tabarma ina amsa gaisuwa, a raina ina cewa, ni fa? Ni ban san waɗannan labaran ba. Mutumin da suke kuka a kansa mai barkwanci ne, mai yawan magana. Nawa yakan shigo a gajiye ya ci ya kwanta.

Ranar sadakar uku na shiga shago ɗauko buta, na ga kayen a kan tebur. Na buɗe. Shafi bayan shafi, rubutun hannunsa ne. Yadda ake tayar da na'urar in ta mutu, babbar lambar sirrin da take tambaya, wane waya ke shiga ina, ranar da aka canja batir. Har da irin su "Kada a manta, Idi ba ya jin kira da rana, yana gona." Shekara ashirin da huɗu muna tare bai taɓa rubuta mini layi ɗaya ba. Ga littafi guda ya rubuta wa ƙarfe. Na sa shi cikin zane na kai ƙasan akwatina. A raina na ce sun samu ransa, ni in samu wannan.

Ke kin iya aikin yau da kullum, don haka ba wanda ya lura sai da aka ɗauke wutar kuran kwana biyu, ga hadari ya rufe rana, batir ya ƙare, na'urar ta mutu. Da wuta ta dawo ta nemi babbar lambar, wadda ba ki sani ba. Kin birkice shago. Kin zazzage kwalayen rediyo ɗaya bayan ɗaya. Malam Idi ya zo ya tsaya a zaure, ni ina cikin takaba, ya yi sallama ta bayan labule ya ce, "Uwar Sale, don Allah ko kin ga wani baƙin kaye na Malam?" Na ce, "Ni mi ya haɗa ni da kayan shagonku? Da yana da rai ma ban sani ba." Ya ce, "Haka ne, Allah Ya ba da haƙuri." Ya tafi. Ina zaune a kan akwatin nake wannan maganar.

Na gaya wa kaina kwana biyu ne, in na gama karantawa zan mayar. Kwana biyu suka zama mako biyu da ɗoriya. Kilen da ke Tsibiri da Jiratawa kuwa ba su buɗuwa sai da lambar nan, abin da ban sani ba sai daga baya.

Sai ranar da Balki, ƙanwar Hajara, ta zo haihuwa. Kin tuna. Da hantsi aka kira, jininta kuma irin wanda ba kowa ke da shi ba ne. Ke da Malam Idi kuka zauna kuna tuno sunaye da ka, kuna kiran wanda kuka tuna. Wannan ya yi tafiya, wancan lambarsa ba ta shiga. Ina jin muryarki ta bango. Na tashi har sau biyu na nufi akwatin, na koma na zauna, domin in na fito da shi a lokacin kowa zai san a wurina yake. Kunyar mutane na ji, Uwani. Mace tana zubar da jini, irin wanda na zubar, ni ina jin kunyar mutane.

Sai bayan la'asar aka samu wani mai sayar da taya, wanda shagonsa ko nisa babu da gidan likitan. Sunansa na cikin na'urar tun da daɗewa. Balki ta rayu. Jaririn bai rayu ba. Ban sani ba ko da an samu jinin da wuri zai rayu, ban kuma taɓa samun ƙarfin tambayar wanda ya sani ba. Allah ne Ya san wannan. Abin da na sani shi ne inda kayen yake a ranar.

Washegari da kika tafi gaishe su, na kai shi shago na cusa a bayan tsohuwar rediyon nan mai katako. Kika dawo kika gan shi. Kika zauna a ƙasa kina kuka kina cewa, "Na duba nan, wallahi na duba nan." Na tsaya a bakin ƙofa na ce, "Ƙaddara ce." Kin duba, ɗiyata. Kin duba da kyau. Ba ya wurin.

Shekara biyu ke nan ina kallonki kina ɗauke da laifin da ba naki ba. Tun ranar ba ki ƙara yarda da kowa a kan na'urar nan ba. Kika canja lambar, kika riƙe ita kaɗai a kanki, kayen kuma yana ƙarƙashin matashinki. In Malam Idi ya kai hannu sai ki ce, "Bari, Baba Idi, ni zan yi." Hajara ta ce ki koya wa ƴarta da ta gama lakol, kika ce sai an samu lokaci. Na san tsoro ne ya fara sa ki. Amma akwai wani abu bayan tsoron, kuma na gane shi domin a wurina kika gado shi. Na ji ki kina ce wa Sale, "Ni Baba ya bar wa." Ba ki son wani ya zauna a kujerarsa. Ba ki son wani hannu ya buɗe rubutunsa. Haka na ji a kan akwatina.

Ba ke ya bar wa ba, ba ni ya bar wa ba. Ki buɗe shafin farko ki sake karantawa. Ya rubuta, "Ga duk wanda ya zo bayana." Na karanta layin nan sau da yawa a cikin takaba ina jin haushinsa, don bai ambaci kowa a cikinmu ba.

Ni ban san ordinatar ba, amma na zauna kusa da wannan shekara goma sha wani abu, na ga abin da ke kashe ta da abin da ke tayar da ita. Abin da mutum ɗaya kaɗai ya sani, ranar da ya kwanta ciwo ko ya shiga aji ya kashe salula, ya tafi da shi. Lambar nan ta kasance a wurin mutum uku, a gari uku. A kwafe kayen da hannu, kowa ya riƙe nasa, duk abin da aka canja a rubuta a ranar. A fitar da sunayen a takarda kuma, a ajiye inda za a iya ɗauka ko babu wuta, domin da akwai takarda ranar Balki da ba a kai azahar ba. Wanda ya gaji a bar shi ya huta ba tare da an yi masa gori ba, zai dawo. In na'urar ta tsufa har ta ƙi gyaruwa, a karɓi wata. Kada ki ce sai wannan don hannun Baba ya taɓa ta.

Sannan ki cire sunansa daga cikin masu bayarwa. Na san ba ki cire ba. Salularsa tana wurina, ina sa mata wuta har yau. Watan jiya ina surfe ta yi ƙara a ɗaki, na duba, saƙon na'urar ne, ana neman mai irin jininsa a unguwarmu. Wani yana can yana jiran amsa daga mutumin da ke kabari. Ki cire shi, a sa mai rai a wurin.

Motarki sai Asabar. Gobe Juma'a. Na aika wa Malam Idi ya biyo bayan masallaci kamar yadda ya saba, na ce Hajara ta zo da ƴarta. Ban gaya musu dalili ba, wannan naki ne ki yanke. Hajara kuwa akwai maganar da ke tsakanina da ita, zan yi mata da bakina bayan kin tafi, ta yafe ko kada ta yafe. Ke ma ban ce ki yafe mini kafin Asabar ba. In kin tashi ba ki son ganin fuskata, na fahimta.

Amma in kin yarda, za ki tarar da kujera huɗu a shago banda taki, ba uku ba, ta huɗun tawa ce. Na sa Sale ya gyara mini tabarau. Ba zan iya abin da kike yi ba, amma ina iya duba ruwan batir, ina iya amsa waya in rubuta suna, ina kuma nan gida kullum. Mahaifinki ya kira ni sau biyu na ƙi. In kika kira ni, zan zo.

Abu ɗaya nake roƙo. A shafin ƙarshe na kayen, can ƙasa, akwai inda ya gwada sabon biro. Ya ja layi biyu, sannan ya rubuta "Dije". Bai taɓa kirana da shi ba a gaban kowa. Ba lamba a shafin, ba abin da ƙungiya za ta nema. Wannan ki yaga mini shi a hankali. Sauran ki ba su.

Allah Ya yi miki albarka, Ya sauke ki lafiya, Ya ba ki abin da kika je nema, Ya dawo mana da ke cikin aminci. Ya tsare ki daga irin abin da na bari ya zauna a zuciyata. Yajin yana cikin leda biyu, kada ya zube a kan zannuwan.

Mahaifiyarki,
Dije
Sabon Gari, Maraɗi